Amsa ga maman yaron da ake so a kai OHL

Salamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, cewa ɗanki mai shekara 15 yana buga hokin ƙanƙara a rukunin U16 AAA, matakin ƙoli na 'yan ƙasa da 16, a Toronto, wani ejan yana ta kiran babansa kan zaɓen 'yan wasa na OHL, babbar gasar matasa ta Ontariyo, ke kuma kina tsoron kada wasa ya cinye karatun. Na ce bari in samu natsuwa in rubuto miki, don wannan hanyar na bi ta da ɗana, da motata da aljihuna.

Ki fara kwantar da hankalinki kan abu ɗaya. A zamaninmu, yaro ya buga wasa ko da guda ɗaya a manyan gasannin matasa uku na Kanada, wato OHL da WHL da QMJHL, to hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta ɗauke shi ɗan wasan kuɗi, saboda ɗan alawus ɗin da ake ba su, ta hana shi buga wa jami'a. Nawa an zaɓe shi a 2019, can zagayen baya-baya, kuma da ya je sansanin gwaji da agogo muka je, don awa 48 kawai dokar NCAA ta yarda ya yi a kan kuɗin kulob. Babansa ya ɗauko shi kafin wasan sada zumunta, yana kuka a bayan mota har muka iso gida. A Nuwamba 2024 NCAA ta soke wannan dokar ga jami'o'in rukuni na ɗaya, ta fara aiki 1 ga Agusta 2025. Shi ya sa Gavin McKenna, yaron Whitehorse da ya yi tashe a Medicine Hat, ya tattara ya koma jami'ar Penn State. Wannan ƙofar a buɗe take ga naki.

Sai dai buɗewar tana da nata ciwon. Ƙungiyoyin maza na rukuni na ɗaya sun ɗan haura 60 ne kawai, ga shi yanzu yaran OHL ma sun shigo neman gurbi. Wanda da can zai samu daga ƙananan gasanni, yau sai ya yi da gaske.

Abin da ban sani ba sai da na shiga: hoki ba kamar kwando ba ne, da yaro zai gama sakandare ya wuce jami'a. Yawancin sababbin 'yan wasan jami'a shekararsu 20 ko 21, sun yi shekara biyu ko uku a juniya, wato gasannin matasa, tukuna. Kada ki auna ɗanki da Macklin Celebrini, wanda ya yi shekara ɗaya a Chicago Steel, ya shiga jami'ar Boston yana 17, ya lashe kyautar Hobey Baker ta gwarzon hokin jami'o'i, San Jose ta ɗauke shi na farko a zaɓen NHL, babbar gasar ƙwararru, a 2024. Irinsa ba a haifarsu kullum. Ni Cale Makar nake nuna wa ɗana: a Brooks Bandits ya buga, ƙaramar gasar Albarta, Colorado ta zaɓe shi na huɗu a 2017, amma ya zauna shekara biyu cur a jami'ar Massachusetts kafin ya tafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Nawa ya koma Juniya A, matakin da ke ƙasa da OHL, a nan Ontariyo. A ranar na ɗauka mun yi asara, sai ga korona, OHL ba ta buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2020 zuwa 2021, kowa ya zauna gida. Daga baya ya tsallaka Amurka ya yi kaka biyu a NAHL, wata gasar matasa ta can, ya shiga jami'a a 2024 yana da shekara 21, da rabin tallafin karatu. NHL? Ba ta neme shi ba. Ƙungiya 32, zagaye bakwai, ba su fi yara ɗari biyu da 'yan kai a shekara ba daga duniya baki ɗaya. Injiniyanci yake karantawa, yana kuma buga wasansa, alhamdu lillahi.

Yanzu ga inda nake so ki sa ido sosai, don ba ejan ɗin da zai gaya miki. Yaro ɗan 16 in an ɗauke shi, barin gida zai yi ya zauna da wasu iyali a garin ƙungiyar, abin da suke kira bilet. Gidan farko da aka sa nawa mutanen kirki ne, amma ba su taɓa jin kalmar halal ba, ga kare yana kwana kan kujerar falo, ɗakinsa ba wurin shimfiɗa darduma. Yaro ya ji kunyar magana, ya koma cin taliya da ƙwai wata biyu, ya rame, koci ya ce ba shi da ƙarfi ya ajiye shi a benci. Laifina ne, ban je na gani da idona ba. Gida na biyu ni na tuƙa awa shida na zauna da matar gidan, na kai mata yaji da kilishi, na nuna mata shagon da za ta sayi nama. Har yau muna gaisawa, kuma ita ce ke tashinsa sahur da azumi ya faɗo cikin wasannin ƙarshen kaka. In ɗanki ya ce ai ba Musulmi a wasan nan, ki tuna masa Nazem Kadri, da ya bi ta Kitchener da London ta Ontariyo, ya ci kofin Stanley na NHL a 2022, ya ɗauke shi ya kai masallacin garinsu. Ki kuma gaya masa Rumun Ndur a Zariya aka haife shi, ya buga wa Guelph, Buffalo ta zaɓe shi a 1994.

Batun ejan, ki saurare shi, amma kada babansa ya sa hannu a komai sai an kai wa lauya ya karanta. Ku tambayi ƙungiyar minti nawa yaro zai riƙa samu a fili, don ɗan 16 da ke ɗumama benci a babbar ƙungiya gara wanda ke buga minti ashirin a ƙarama. Ku tambayi shekara nawa na kuɗin jami'a za su rubuta masa a yarjejeniya, don suna bayarwa gwargwadon kakar da ya buga, kuma yana amfani a jami'o'in Kanada. Ku tambayi wa ke duba shi in ya bugu a ka. Nawa sau biyu, na biyun sati uku yana ɗaki mai duhu.

Sannan makaranta. NCAA tana neman manyan darussa 16 na sakandare da makin da ta gindaya, kuma ba kowane darasin Ontariyo take ƙirgawa ba. Wani abokin ɗana koci ya so shi, takardu suka kayar da shi saboda lissafi ɗaya da ya zaɓi mai sauƙi a aji goma. Ki je wurin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu tun wannan zangon, ki ce a duba miki jerin.

In kina so ki turo min saƙo ta ciki, ɗana zai dawo hutu a Disamba, sai su zauna da naki. Akwai sandunan hoki biyu na hagu a garejinmu da ba a taɓa yankewa ba, in hannunsa ke nan.