A kai yara gidan sojojin kuza na Kulmbach?

Malam, ka tambaya ko gidan tarihin sojojin wasa na Kulmbach a Jamus ya dace da yara. Kai su mana. Yana cikin fadar Plassenburg, bisa tudu, hawan kuwa akwai gajiya.

'Yan mutum-mutumin sun haura 300,000, na kuza ne, yawancinsu falle-falle, tsayinsu kamar santimita 3. Ana sassaƙa siffar a allon dutse, a zuba narkakkiyar kuza, sannan a yi fenti da hannu. Ka daɗe a gaban fagen da ke nuna yadda aka ƙone garin a 1553, siffofi sama da 19,000 a wuri guda. Sai dai ka gaya wa yaran tun daga gida cewa komai a bayan gilashi yake, ba taɓawa, kada ƙaramin ya tayar maka da rigima.