Amsa: Sienna ko Sharan ga mai yara shida?

Malam, barka da ƙoƙari. Ka ce yara shida ne, biyu ba su kai shekara uku ba, ga uwargida, kuma kana tsakanin sayen motar Toyota Sienna da Volkswagen Sharan. Ni dai Sienna zan ce ka nema, amma mai kujera takwas. Ku takwas ne cif, Sharan kuwa bakwai take ɗauka, kuma da zarar an ɗaga kujerun ƙarshe, but ɗinta ko buhun shinkafa da ƙyar zai shiga.

Abin da ya fi ja min hankali shi ne ƙofa. Ta Sienna zamewa take yi gefe, yaro ba zai bankaɗa ta cikin mai babur a bakin makaranta ba. Ka kunna makullin yara da ke jikin ƙofar tun ranar farko. Idan mai buɗewa da lantarki ce, ka buɗe ka rufe a gaban dillali, domin wayarta kan tsinke, gyaran kuma da tsada.

Ka guji mai AWD, wato wadda injinta ke juya duka tayoyi huɗu: yawancinsu kujera bakwai gare su, kuma ba su zuwa da safaya taya. Daga 2007 zuwa 2020 injin yawancin Sienna V6 ne mai lita 3.5, yana da ƙarfi amma yana shan mai, wannan kam sai haƙuri. Kayan gyara ba matsala, akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna.

Gindinta a ƙasa yake, don haka in hanyar ƙauyenku ba kwalta, ka lallaɓa ta da damina. Kafin ka biya, ka je da makanikenka ya duba giya da iyakwandishan na baya. Allah ya sa a saya a sa'a.