Amsa: bindigar AR-15 mai gajeren bututu da na'urar rage ƙara

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka ɗaura na'urar rage ƙara a kan AR-15 ɗinka mai bututu inci 11.5, hayaƙi ke dukan idonka, kwanson harsashi kuma yana faɗawa gaba. Gas ne ya yi yawa. Na'urar tana riƙe matsin iska a cikin bututu, sai ya koma baya da ƙarfi fiye da yadda aka tsara. Maganinsa bulon gas mai daidaitawa, wato ƙarfen da ke kan bututu mai ƙayyade yawan gas ɗin da ke komawa baya: rufe shi, ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan kana harba harsashi ɗaya-ɗaya, har sai ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu (bolt) ya tsaya a baya bayan harsashin ƙarshe, sannan ka ƙara ɗan kaɗan. Idan bafa ɗinka (nauyin da ke rage ƙarfin komawar bolt baya) mara nauyi ne, sa H2, wanda ya fi nauyi. Kwanso ya riƙa faɗawa dama, ɗan baya kaɗan.

Amma kafin komai, cire harsashi ka duba daidaiton na'urar da bututu. Kada ka yi amfani da wosha mai lanƙwashewa a zaren 1/2x28 na bakin bututu, tana karkatar da na'urar. Zura sandar gwaji ta cikin bututu. In ta taɓa gefen na'urar, kada ka harba, harsashi zai fasa cikin na'urar.

Sake saita madubin saiti da na'urar a jiki, domin wurin da harsashi ke sauka yana canzawa. Na'urar tana zafi sosai, ka nisanta igiyar rataya da ita. Kuma ka toshe kunnuwanka duk da haka, harsashin 5.56 ya fi sauti gudu. A Amurka bindigar da ake dafawa a kafaɗa mai bututu ƙasa da inci 16 da na'urar duk sai an yi musu rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi.