Laburare mai tambarin gwaji kashi 100 ya ba ni kwanan wata na kuskure

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina cikin damuwa. Na yi amfani da wani buɗaɗɗen laburare (tarin kod da wasu suka rubuta don kowa ya yi amfani da shi) na lissafin kwanan wata a manhajar da ke tunatar da masu rajista su sabunta biyansu kowane wata. Wanda ya yi rajista ran 31 ga Janairu, da na ce a ƙara masa wata ɗaya, sai ya ba ni 3 ga Maris. Mutane da yawa sanarwa ta riske su a makare. Shugaban rukuninmu ya ce laifin ba zai taɓa zama na laburaren ba, tunda tambarinsa ya nuna gwaji ya rufe kashi 100 cikin 100, ga taurari dubbai (alamar yabon masu amfani) a GitHub, shafin da ake ajiye kod. Yanzu ni ake kallo. Laifina ne? Ko in watsar da shi in rubuta nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba kai ne na farko da 31 ga Janairu ta kayar ba.

Babu 31 ga Fabrairu, don haka dole duk wanda ya rubuta fankishin (guntun kod mai yin aiki guda) na ƙara wata ya yanke shawara. Wasu sukan bar kwanakin da suka yi rara su malala cikin Maris. Haka Date na JavaScript yake yi, shi ya sa ka ga 3 ga Maris. Wasu kuma sukan tsaya a ranar ƙarshe ta Fabrairu, kamar plusMonths na Java da relativedelta na Python. Ka koma takardun bayanin laburarenka. In sun faɗi wace hanya suka bi, to sakacin rashin karantawa naka ne, ka karɓa. In sun yi shiru, laifin ya rataya a kansu, don fankishin da ke yanke irin wannan hukunci bai gaya wa kowa ba, ba a gama rubuta shi ba.

Amma maganar shugabanku ce ta fi damuna, don kusan kullum sai na ji ta, kuma tana jawo asara. Wannan tambari ba ya nufin abin da yake zato. Abin da ma'aunin yake ƙirgawa shi ne layuka nawa na kod kwamfuta ta bi ta kansu lokacin gwaji. Shi ke nan. Bai tambayi ko amsar da ta fito daidai ce ba. Mutum zai iya rubuta gwajin da zai kira kowane fankishin, bai duba sakamako ko ɗaya ba, ya samu kashi 100 cif. Laburarenka ma, in an gwada shi da 15 ga Janairu kawai, kowane layi ya gudana, tambari ya yi kore, 31 ga wata kuwa ba wanda ya leƙa ta.

Akwai abin da ya fi wannan muni: ma'aunin ba ya iya ƙirga layin da ba a rubuta ba. Ɓarakar Heartbleed da aka bayyana a OpenSSL, laburaren da ke tsare sirrin saƙonni a intanet, a Afrilun 2014, asalinta rashin bincike guda ɗaya ne. Saba, wato kwamfutar da ke amsa buƙatu a intanet, tana karɓar tsawon saƙo yadda mai aikowa ya faɗa, ba ta tantance ba, sai ta mayar masa da abin da ya kai kilobait 64 daga ma'ajiyarta, wanda zai iya haɗawa da kalmomin sirri da makullai. Shekara biyu ɓarakar tana zaune a kod ɗin da kowa ke iya buɗewa ya karanta. Ta yaya ma'aunin layuka zai gane cewa wani layi ya kamata ya kasance amma babu shi?

Taurari kuma shaida ce ta farin jini, ba ta inganci ba. A 2006 injiniyan manhaja Joshua Bloch ya bayyana cewa binciken rabi-rabi (neman abu a jeri ta hanyar raba jerin biyu a kai a kai) da ya rubuta wa laburaren Java ya yi kusan shekara tara da kuskure: haɗa lambar gurbin farko da ta gurbin ƙarshe kafin a raba biyu yana iya wuce 2,147,483,647, iyakar abin da irin wannan lamba ke iya ɗauka, sai lissafin ya juye ya koma ƙasa da sifili. Layi ɗaya ne, ana bi ta kansa dare da rana, bai nuna halinsa ba sai da jerin bayanai ya haura biliyan ɗaya. Laburaren Log4j ma haka: hanyar da ta haifar da ɓarakar Log4Shell a Disambar 2021 an shigar da ita tun 2013. Na laburaren xz Utils a Maris 2024 ya fi tayar da hankali, don a cikin fayilolin gwajin kansu aka ɓoye wata ƙofar baya, wato hanyar sirri ta kutsawa cikin kwamfuta. Wani injiniya, Andres Freund, ne ya gano ta, bayan ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa.

Raina yana ɓaci idan na ga masu koyar da shirye-shirye a intanet suna cewa matasa “duba taurari, duba tambari, ka sauke.” Wannan ba ilimi ba ne, kuma wanda ya bi su shi zai kwana a ciki ranar da abu ya lalace. Ka buɗe lasisin MIT, wanda buɗaɗɗun laburarori da yawa ke amfani da shi, ka karanta sakin layinsa na ƙarshe: da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa an ba ka manhajar yadda take, babu wani garanti. Da yawa daga cikin masu kula da waɗannan laburarori 'yan sa-kai ne, wani lokaci mutum ɗaya ko biyu, suna yi bayan sun tashi daga aiki. Sun yi mana alheri babba. Ɗora musu nauyin da su da kansu suka ce ba su ɗauka ba zalunci ne, gare su da kuma ga mutanen da ke dogaro da manhajarka.

Ba ina cewa ma'aunin banza ba ne. Idan ya nuna kashi 40, ya gaya maka gaskiya cewa fiye da rabin kod ba a taɓa shi ba. Inda ake gwaji da gaske, ana wuce nan nesa. Kod ɗin gwajin SQLite, wani laburaren ajiyar bayanai, ya ninka na laburaren sau ɗaruruwa, har cikar faifai da yankewar wuta ana kwaikwaya. Kayan aiki irin su Hypothesis suna ƙirƙiro bayanai barkatai su jefa wa fankishin har sai ya karye. PIT da Stryker kuma suna lalata kod da gangan, su ga ko gwajin zai yi kuka. In bai yi ba, gwajin ado ne. Ta ɓangaren bayani, doctest na Python da cargo test na Rust suna gudanar da misalan da ke cikin takardu, don kada bayani ya faɗi wani abu, kod ya yi wani.

Batun rubuta naka, kada ka yi. Shekara mai kwana 366, yankunan lokaci, sauyin agogon bazara, duk za su biyo ka ɗaya bayan ɗaya.

Ka buɗe jakar gwajin laburaren, ka nemi 29, 30 da 31. Ka rubuta naka gwajin a cikin manhajarka wanda zai kafe halin da kake so a ƙarshen wata, ka kuma ɗaure sigar laburaren don kada sabuntawa ta canja maka shi ba ka sani ba. In takardunsu ba su ambaci wannan hali ba, ka aika musu rahoto cikin ladabi, da ɗan misali na layi uku da ke nuna matsalar, in da hali har da gyaran bayanin. Sannan ka kai wa shugabanku gwajin nan, ku gudanar da shi tare a gabansa.