Awon jinina da safe daban, da dare daban, ko lafiya?

Tambaya: Salam likita. Na sayi na'urar awon jini ta gida, to abin ya ɗaure min kai, da safe in ga 136/84, da dare in na huta in ga 118/75, ran da na je asibiti kuma aka ce 145/90. Na'urar ce ta lalace ko hawan jini ne ya kama ni? Wallahi hankalina a tashe yake. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, dama jini ba ya tsayawa a lamba ɗaya ko a jikin mai cikakkiyar lafiya. In mutum na barci yakan sauka da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, sai gab da farkawa jiki ya fara sakin sinadaran da ke tada mutum irin su kotisol da adirenalin, zuciya ta ƙara sauri jijiyoyi su ɗan matse, shi ya sa na safe yake fin na dare, ya kan ci gaba da zama a sama har rana ta yi sannan ya fara sauka da yamma.

Ƙananan abubuwa ma suna ɗaga shi, kofi, sigari, ɓacin rai, hawa bene, riƙe fitsari, kai har surutu ana cikin awon. Na asibitin nan kuwa mutane da yawa da sun ga likita fargaba ke ɗaga musu shi.

Abin da nake so ki yi, sati ɗaya ki riƙa aunawa safe da yamma, kullum a lokaci iri ɗaya. Ki zauna minti 5 tukuna, bayanki a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, ki auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ki rubuta. Matsakaicin su muke dubawa ba guda ɗaya ba, in ya kai 135/85 ko ya wuce ki kai wa likitanki takardar. Kuma don Allah kar ki sha maganin wani don kin ga lamba ta hau sau ɗaya, wannan yana damuna sosai.

Amma in kika ga 180/120 ga ciwon ƙirji, ko numfashi na miki wuya, ko gani ya dushe, ko gefen jiki ya mutu, ki tafi asibiti a take.