Amsar Gwaggo kan kunyar ɗan fari

Ɗiyata, saƙonki ya iso, jikana ya karanta mini, shi ne kuma ke rubuta miki wannan. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai kin sa hoton jaririnki a WhatsApp, kin rubuta sunansa na yanka, kin ƙara da "rabin raina", uwar mijinki ta kira ɗanta ta ce ya auro marar kunya. Shi ne kike tambayata ko kunyar ɗan fari addini ce ko ƙauyanci. To, Allah ya raya mana shi. Amma da kakarki Dada tana da rai, kalmar ƙauyancin nan kaɗai ta ishe ki gori har ki yaye shi.

Ni a gidanmu na nan Argungu na yi goyon ciki. Aka yi wankan jego, aka ɗura mini kunun kanwa har na gaji, amma in da mutane a ɗakin ban yarda na kalli yaron ba. Sai an dangwara mini shi a cinya an ce "ba shi nono mana", sannan in juya fuska bango in ba shi. Ranar suna aka raɗa masa sunan mahaifin mijina, ka ga kunya ta zama biyu ke nan. Da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi ɗakinta, can yake ci, can yake kwana. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, saboda abin da ya ji ƙannen ubansa na faɗa ke nan.

Bari in ba ki labarin 1976, shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro zai iya shiga firamare kyauta. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ai Jihar Kebbi sai 1991 aka yanke ta. Wata safiya maza duk sun tafi gona, Inna ta tafi biki Gulma, sai ga sallama a zaure. Ɗan aiken mai unguwa ne da wani malamin makaranta, saurayi, da rajista a hammata da biro a kunne. Suka ce a fito da yara. Aka sa kowanne ya ɗora hannu ta bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, wanda hannunsa ya kai ya isa shiga. Nawa ya taɓo. Malam ya buɗe rajista ya ce, "Sunansa?"

Ina bayan ƙyaure, na ce a tambaye shi. Aka tambaye shi, ya ce sunansa Baba Ƙarami. Malam ya ce ba a rubuta wannan a takardar gwamnati, ina uwarsa? Yaron ya ce Inna ta tafi Gulma. Ɗan aiken mai unguwa ya san komai, amma ya tsaya yana murmushi, yana son ya ga gudun ruwana. Malam ya ce, "Baiwar Allah, ke wa ce ce gare shi?" Na ce ni 'yar gidan ce. Ya ce to 'yar gida ba ta san sunan ɗan gida ba? Gumi ya karyo mini. Kishiyata ta tafi ɗiban ruwa, yaran da ke tsaye duk Baba Ƙarami suka sani. Malam ya ce yana da sauran gidaje, in ba suna zai wuce, yaron ya jira baɗi. Nan fa hankalina ya tashi, don ina son ya yi karatun, bakina kuma ya ƙi buɗuwa. Can dabara ta zo mini, na ce, "Malam, wa ke sarautar Musulmi a Sakkwato yanzu?" Ya ce Sarkin Musulmi Abubakar. Na ce, "To, rubuta." Ɗan aiken ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, da Inna ta dawo ta ba ni turmin atamfa, ta ce ta yarda an haife ni a gidan mutunci.

Na taɓa tambayar Dada dalilin wannan wahala. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce, "Ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi." Wata rana kuma ta ce yarinyar da ta rungume ɗanta a gaban surukai ta gaya musu ke nan ba ta bukatar kowa, kuma za su ƙyale ta da shi. Na ga gaskiyar wannan da idona. Yaron nan bai taɓa kwana da yunwa ba ko a shekarar fari, don kowace tukunya a gidan da rabonsa a ciki. In ya yi laifi, duk wanda ya gani ya hukunta, ba mai tsoron uwa za ta fito da zane a ɗamare. Yau kuwa taɓa ɗan maƙwabci ka ga 'yan sanda.

Zancen addini, ba zan yi miki ƙarya ba. Malaminmu na Islamiyya ya karanta mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, wani mutum ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Tsofaffin ajin duk muka sunkuyar da kai. Shi malamin ne kuma ya ce kunya tana daga imani. Ki riƙe biyun, ni dai ban iya raba miki su ba. Abin da na sani, Baba Ƙarami yanzu furfura ta cika masa gemu, in ya zo gaishe ni daga bakin ƙofa yake tsugunawa, in yana da damuwa matarsa ke kawo mini. Ƙannensa kuwa har kan gadona suke zama. Wani lokaci abin na sosa mini rai.

Amma hoton nan naku daban ne, kada ki fake da hadisi. Sumbatar ɗa a ɗaki ai ba ita ce baza shi a kasuwa ba. Mu da rediyo muka tashi. Mijina kan aika katin Zaɓi Sonka gidan rediyon Kaduna, a jero gaisuwa ga yaran gida kaf, na farin ne kaɗai ba ya ciki, kuma kowa ya san shi ya fi ji da shi. Ku kuwa tun cibiya ba ta faɗi ba mutum ɗari sun gan shi, cikinsu nawa ne suka ce tubarkalla? Kambun baka gaskiya ne. Ga kuma halin da ƙasar nan ke ciki na masu satar mutane, amma sai in ga yarinya ta sa hoton ɗanta da rigar makaranta, da ƙofar gidansu, da motar uban, kamar mai ba ɓarawo kwatance.

Uwar mijinki kuma, ki bar cewa ta tsane ki. Ta ji an riga ta ne. Jikanta na fari, ita ya kamata ta yi ta nuna shi tana kiransa mijinta tana tsokana, sai ga shi maƙwabta sun gani a waya kafin ta gama ganinsa. Ki shirya ki je da kanki, ba ta waya ba, ki durƙusa ki ce ta zaɓa masa sunan da za a riƙa kiransa a gida. In ta ce Abba, ki ce Abba. Ki kuma gaya mini wa ke yi miki wankan jegon a can Abuja, don na ji an ce kwana bakwai kawai kuka yi kuka ajiye tukunya.