Yadda labaran hoki ke koya wa yaranmu karatu a Kanada

Malam, ka tambaya yadda aka yi wasan da ake yi a kan ƙanƙara ya shiga darasin karatun 'yan firamare a nan Kanada. Hoki a wurinsu kamar ƙwallon ƙafa yake a Kano. Tun 1994 doka ta ayyana shi wasan hunturu na ƙasa, kuma yaro ɗan shekara takwas ya san 'yan wasa shida-shida ne a fili har da gola, ana zubi uku na minti 20 kowanne. A kan wannan sanin malamai ke gina darasin. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun gwada yara a Amurka da labarin wasan besbol, sai masu rauni a karatu da suka san wasan suka fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimtar labarin.

A aji uku, gajeren labari ake ɗauka, kalma 200 zuwa 300. Kafin a buɗe shi, malama takan zana filin a allo, da raga biyu da bencin hukunci, ta koyar da kalmomi biyar ko shida da za a ci karo da su. Ta karanta da ƙarfi, yara su sake karantawa bibbiyu, sannan tambayoyi su biyo baya. Na farko masu sauƙi ne: wa ya ci, me ya faru kafin me. Aikin gaske yana wurin abin da marubuci bai faɗa ba. A ce an rubuta cewa alƙalin wasa ya ɗaga hannu, yarinya ta nufi benci kanta a sunkuye, 'yan ƙungiyarta suka ja baya kusa da raga. Me ya sa suka ja baya? Sai yaro ya haɗa da kansa: ta yi laifi, an fitar da ita minti biyu, an bar huɗu suna tare biyar, ban da gola.

A nan ake samun matsala iri biyu. Wanda ya san hoki sosai yakan amsa daga kansa bai duba takarda ba, don haka dole a sa shi ya nuna layin da ya ba shi hujja. Ta biyun ita ta fi damun mu iyaye. Yaron da bai daɗe da zuwa daga Zariya ko Damagaram ba, yakan karanta kowace kalma daidai amma ya kasa amsawa, a ɗauka karatunsa ne da rauni, alhali wasan ne bai sani ba. Shi ya sa muke zaunar da yaro ya kalli zubi ɗaya kafin darasi, ana tsayawa ana yi masa bayani da Hausa. Kayan wasan da tsada suke, ba kowane gida ke iya saya ba, amma kallo ya wadatar.

Zaɓen labari ma da nauyi. Tarihin Willie O'Ree, baƙar fata na farko a NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, a 1958, yana riƙe yaranmu, musamman in an tambaye su dalilin da ya sa ya ɓoye cewa idonsa na dama ba ya gani. Haka na Nazem Kadri, Musulmin da ya ci Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 2022 ya kai shi masallacin garinsu, Landan ta Ontariyo.

Kai da ke Kano, Malam, kada ka kawo wa ɗalibanka hoki. Rubuta musu labarin dambe ko langa, ka bar gurbi ɗaya da ba ka bayyana ba, misali dalilin da makaɗi ya canza take, ka sa kowa ya ja layi ƙarƙashin jimlar da ta kai shi ga amsa.